Ranar da Aka Daina Kiran Gwaggo Abla

Shekaranjiya ina kwaɓa fulawa zan yi wa yara fanke, sai hannuna ya kuskure, gishiri ya zube a ciki fiye da kima. Na tsaya ina kallon kwaɓin, ina tunanin ko in zubar ko in ƙara fulawa, sai warin nan na ɗanyar fulawa da gishiri ya bugi hancina. Ban san lokacin da na ja kujera na zauna ba. Wanda bai taso a gidanmu ba zai ce warin abincin da ya ɓaci ne kawai. Ni a wurina warin hannun Gwaggo ne, yayar mahaifina, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta da ƙarfinta tana koyar da ƙananan yara a wannan gari na Riyad.

Da fulawa da gishiri da ɗan mai take haɗa abin da yaran ajinta ke mulmulawa su yi raƙuma da tukwane. A lokacin babu irin na kanti da ake sayarwa yanzu a cikin roba. Ran Juma'a da yamma take kwaɓawa a babban faranti, ta raba kashi-kashi, ta rina wannan da kurkum ya yi rawaya, wancan da zoɓorodo ya yi ja. Na taɓa tambayar ta dalilin gishiri mai yawa haka. Ta ce don kada ya yi tsami, kuma don yaron da ya kai baki sau ɗaya kada ya ƙara.

Na san za ku yi mamakin yadda aka yi Bahaushiya ta zama malama a Riyad tun wancan zamani. Kakanmu ne ya bar ƙauyensu a ƙasar Kano da niyyar aikin hajji ta ƙasa, Gwaggo tana goye a bayan uwarta. Guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka tsaya aikin auduga, zaman da aka ce na damina ɗaya ne ya miƙe ya zama na shekaru. A can aka haifi mahaifina. A can kuma Gwaggo ta shiga makarantar 'yan mata, ta ci gaba har ta sami horon koyarwa, Larabci ya zauna daram a bakinta. Da ta yi aure mijinta ya sami aikin tuƙin tankar ruwa a Riyad, ya taho da ita. Daga baya ita ta yi ta faɗi-tashi har ƙanenta ya biyo su ya kama aikin direba. Takardun da ke hannunsu duka na Nijeriya ne, ƙasar da Gwaggo ta bari tun ba ta fara tafiya da ƙafarta ba.

Takan ba mu labarin Riyad ɗin da ta tarar, ta gidajen ƙasa da lunguna, inda mace ba ta da wurin zuwa sai gidan biki ko gidan makoki. A cikin wannan hali wasu matan gari masu hali suka kafa ƙungiya, suka kama hayar wani tsohon gida suka buɗe rauda, wato makarantar yara ƙanana kafin firamare. Malamai mata 'yan ƙasa ba su da yawa a lokacin, sai baƙi daga Masar da Sham da Sudan. Shugabar ƙungiyar, wadda Gwaggo ke kira Uwar Ƙungiya har ta bar duniya, a layin asibiti ta gamu da ita, tana karanta wa wasu tsofaffi abin da ke jikin kwalbar maganinsu. Ta tambaye ta inda ta yi karatu. Kafin sati ya zagayo Gwaggo ta fara aiki.

Farkon aikin ba koyarwa ba ne, roƙo ne. Su biyu suke bin gidaje da rana tsaka suna lallashin iyaye mata su kawo 'ya'yansu. Wasu a rufe musu ƙofa, wasu a ba su gahawa a sallame su da cewa sai maigida ya dawo. Akwai kakar da ta yarda ta kawo jikanta, amma ta biyo shi ta zauna a bayan aji da carbinta har kwanaki, don ta ga da idonta abin da za a yi wa yaron. Gwaggo ta ce ran da tsohuwar ta daina zuwa, ran nan ta san raudar ta kafu. Da safe yara, bayan la'asar kuma iyayensu mata, waɗanda ƙungiyar ta buɗe wa ajin koyon karatu da rubutu. Mace mai jikoki Gwaggo za ta kama hannunta ta ɗora mata fensir tsakanin yatsu, kamar yadda ta yi wa jikanta da safe.

Allah bai ba Gwaggo haihuwa ba. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi a kan wannan ba, amma ku riƙe shi, don a ƙasar da zaman baƙo ke rataye da sunan wani, rashin ɗa ba ƙaramin abu ba ne.

Ni na buɗe ido ne a unguwar Al-Naseem, a wani gida mai hawa ɗaya, mu a sama, Gwaggo da mijinta a ƙasa. In bazara ta yi, zafin Riyad yakan sa hannun ƙofa ya gagari taɓawa, ruwan famfo ya fito kamar an dafa. Ɗakin Gwaggo ne mafakarmu, saboda tsohuwar na'urar sanyaya ɗakinta mai aiki da ruwa, wadda ke huro iska mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Da sanyi kuwa, lokacin da iska ke ratsa bargo, a wurinta ake samun shayi mai citta da kanumfari. Amma ranar da ɗakin ke cika maƙil ita ce Alhamis. Matan Hausawa ne ke zuwa daga lunguna daban-daban, Kanawa da Katsinawa da mutanen Maraɗi da Damagaram, matan direbobi da magina da masu gadi. Takalma su taru a bakin ƙofa, a rataye abayoyi a kan ƙusa, sai atamfofi su bayyana, gida ya kaure da Hausa.

Gwaggo ce ta tara su. Ta ga yadda matan gari suka haɗa kansu, ta ce mu ma ba za mu zauna kowa a bayan ƙofarta ba. Ta koya musu harufan Larabci, da yadda za su gaya wa likita inda ke musu ciwo ba tare da sun jira miji ya taso daga aiki ba. In wata za ta haihu, ita ke raka ta. In wata ta rasu, ita ke jagorantar wanka. Yaran da iyayensu ba su da halin kai su rauda, ko takardunsu ba su cika ba, ta share musu garejin gidan, ta sa wani kafinta ya yi mata allo da ƙananan kujeru, tana koya musu abin da ta koya wa 'ya'yan manya da safe. Ba ta karɓar komai a hannun kowa. Mijinta, mutum mai shiru, yakan ajiye tankarsa a titi don kada ya tada su.

Da na kai shekarun shiga rauda, Gwaggo ta roƙi Uwar Ƙungiya aka ɗauke ni. Tun a mota ta ja kunnena cewa a makaranta ita ba Gwaggo ba ce, Abla ce, kamar yadda duk yaran nan ke kiran malamarsu. Shekarar farko a ajinta na yi. Ina iya tuna yadda take durƙusawa ta daidaita fuskarta da ta yaro kafin ta yi masa magana, da yadda iyaye mata ke tsayawa a bakin ƙofa su gaishe ta da girmamawa, wasunsu su ce, "Abla, kin tuna ni? Ke kika koya mini." Ni kaɗai ce baƙar yarinya a ajin, amma ban taɓa jin ƙanƙanta ba, tunda wadda kowa ke miƙewa in ta shigo, daga gidanmu ta fito.

A hutun bazarar da ya biyo baya ciwo ya kwantar da Uwar Ƙungiya, aka fita da ita waje neman magani. Sababbin hannaye suka karɓi ƙungiyar, aka kawo sabuwar shugabar makaranta. Aka ce daga yanzu malamar aji sai 'yar ƙasa, kuma mai takardar kwaleji ta nan. Kada ku fahimce ni a karkace. Ban ce ƙasa ba ta da ikon ba 'ya'yanta aiki ba, kuma Gwaggo da kanta ta sha faɗin cewa burinta ke nan, ta ga yaran da ta koyar sun tsaya a gaban aji. Sauran malamai baƙi an yi musu walima, kowacce ta koma garinsu, wurin danginta da gidanta. Gwaggo kuwa ba ta da inda za ta koma, ga mijinta ciwon ƙirji ya fara taɓa shi, kuma iƙamarta, wato takardar izinin zamanta, a ƙarƙashin ƙungiyar take. Sai aka ba ta zaɓi: ko ta tafi, ko ta zauna a matsayin dada. Dada ita ce mai kai yara banɗaki, mai share aji, mai goge majina.

Ba ta gaya wa kowa a gida ba. Ni na fara gani.

Ranar da aka koma makaranta muka shiga mota tare kamar kullum. Da muka isa ta ce in wuce aji tana zuwa. Na shiga na tarar da wata budurwa a kan kujerar Gwaggo, tana ƙanshin turare, ta ce ita ce sabuwar ablarmu. Na san fuskarta, tana cikin masu zuwa gaishe da Gwaggo da salla, don a hannunta ta koyi alif. Hantsi bai gama ɗagawa ba wani yaro ya yi fitsari a wando ya fashe da kuka. Sabuwar malamar ta ɗaga ƙafarta daga inda ruwan ke gangarowa, ta leƙa ƙofa ta ɗaga murya, "Ya dada! Zo nan da sauri!"

Sai ga Gwaggo ta shigo da shuɗiyar rigar masu shara, da bokiti a hannu.

Yara duk suka zuba mata ido. Ita kanta budurwar ta sunkuyar da kai, ina jin ba ta san wadda za ta amsa kiran ba. Ni kuwa na miƙe tsaye na ce da ƙarfi cikin Larabci, "Ba dada ba ce! Abla ce!" Gwaggo ba ta dube ni ba. Ta durƙusa gaban yaron tana share masa hawaye, ta ce da ni da Hausa, a hankali yadda ba wanda zai gane, "Rufe mini baki ki koma ki zauna." Na koma na zauna. Na kalle ta tana goge daɓen ajin da ita ta fara shimfiɗa tabarma a cikinsa.

Da muka dawo gida na haye sama ina kuka na gaya wa Innata. Da Baba ya taso daga aiki bai ko cire takalmi ba ya sauka ƙasa, muka biyo shi. Gwaggo tana tankaɗe.

"Yaya, me nake ji haka? Ke ce da bokiti?"

"Ni ce," in ji ta. "Bokitin ya ci mutum ne?"

"Ki bar aikin nan. Wallahi ki bar shi gobe. Abin da nake samu ya ishe mu."

Ta ajiye rariya ta dube shi. "In bari in zauna a kan takardar wa? Taka? Ko ta wannan bawan Allah da ke kwance yana tari?" Ta ci gaba da tankaɗenta, can ta ce, "Yaran dai su ne yaran. Wanda ya yi fitsari yau, wani zai wanke shi. Gara ni, da ba zan zage shi ba."

Haka ta yi shekara da shekaru. Aka ce kada ta ƙara kawo kwaɓin fulawarta, wai ba shi da tsabta, an sayo na kanti. Aka ce kada ta riƙa zama da yara tana musu tatsuniya lokacin tara, wai tana shiga aikin da ba nata ba. Iyayen da suka san ta suka yi ta raguwa, sababbi suka zo waɗanda ke miƙa mata jakar yaro ba tare da sun kalli fuskarta ba. Budurwar nan da farko takan kauce mata a hanya don kunya, daga baya kunyar ta wuce, kiran ya zauna a bakinta kamar haka aka faro. Abin da na lura da shi a gida shi ne Gwaggo ta daina ba mu labarin makaranta. Da can ba a gama cin abinci sai ta kwaikwayi wani yaro mun yi dariya. Yanzu sai ta dawo ta jiƙa ƙafafunta a ruwan ɗumi, ta yi shiru, in la'asar ta yi ta tashi ta buɗe gareji. A nan ne kawai muryarta ta dā ke dawowa.

Na fara zama budurwa lokacin da ƙungiyar ta shirya babban bikin tunawa da kafuwarta, a wani otal a unguwar Ulaya da ke tsakiyar Riyad. Aka aiko wa Gwaggo cewa lallai ta zo, kuma an ce za a kawo Uwar Ƙungiya. Ban taɓa ganin ta da ɗoki irin na wannan mako ba. Innata ta yi mata lalle, ta sayi sabuwar abaya, ta ciro 'yan kunnenta na aure daga ƙasan akwati. Ta ce in raka ta, in ga matan da suka yi aikin tare. A mota har tana gwada abin da za ta faɗa in an ce ta yi magana, tana cewa ba za ta tsawaita ba.

A bakin zauren wata mata mai karɓar baƙi ta dube mu sama da ƙasa, ta yi murmushi ta ce, "Dadoji ta nan," ta nuna wata ƙofa a gefe. Wani ƙaramin ɗaki ne aka tara 'ya'yan baƙi a ciki, don kada su dami iyayensu. Don wannan aka ce lallai ta zo.

Na ce mu tafi gida. Ta ce a'a, ta zo ganin mutum ne kuma sai ta gan ta. Ta naɗe hannun sabuwar abayarta ta ɗauki wani jariri da ke kuka. Ta bango muke jin jawabai. Aka yi ta kiran matan farko ɗaya bayan ɗaya ana tafi, har da waɗanda Gwaggo ta ce ba su taɓa taka tsohon gidan hayar ba sai ranar da za a ɗauki hoto. Ina kallon fuskarta duk lokacin da mai magana ta ja numfashi kafin ta kira wani suna. Hannunta yakan tsaya a bayan jaririn, sannan ya ci gaba da jijjiga. Har aka gama ba a kira nata ba.

Da aka fara watsewa ta kama hannuna muka kutsa cikin zauren. Uwar Ƙungiya tana kan keken marasa lafiya, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ba ya magana. Gwaggo ta durƙusa a gabanta ta yi sallama. Tsohuwar ta ɗago ido, sai ta damƙi hannun Gwaggo da hannunta mai lafiya, hawaye suka zubo mata, tana ta motsa baki ba abin da ke fita. Ta ƙi saki. Mutane suka fara juyowa. Sai 'yarta ta sunkuyo, ta ɓamɓare yatsun uwar ɗaya-ɗaya cikin ladabi, ta dubi matan da ke tsaye ta ce, "Haka Mama take, tun dā tana da tausayin masu aiki."

A hanyar komawa, da muka kusa gida, Gwaggo ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ta gane ni. Kin ga ta gane ni ko?" Na ce na gani.

Cikin sanyin shekarar da ta biyo mijinta ya rasu. Ba ta daɗe da fita takaba ba aka sanar da ita cewa shekarunta sun kai, ba za a sabunta mata iƙama ba. Baba ya yi yawon ofisoshi har takalminsa ya cinye, amsa ɗaya ce ko'ina: direba ba ya ɗaukar nauyin yayarsa. Ya roƙi mai gidan da yake wa tuƙi, mutumin ya ce ba shi da buƙatar tsohuwa. Sai ya juya ga namu. A cikin mazan matan Alhamis akwai waɗanda Allah ya ɗaga, suna da kusanci da masu iya magana a ji. Ba wani abu ake nema ba illa gida ɗaya da zai karɓe ta da sunan mai aiki. Kowa ya ce in sha Allahu, a ba shi kwana biyu. Wasu suka daina ɗaga waya. Wannan ya fi yi mini ciwo a kan abin da ya faru a otal, don waɗancan ba su ci tuwo a ɗakinta ba.

Alhamis ɗin ƙarshe matan suka zo sallama. An yi kuka, ban ce na ƙarya ba ne. Amma kuka bai gama bushewa ba wata ta ce, "Gwaggo, tabarmin nan ai ba za su shiga jirgi ba ko?" Wata ta ɗaga babbar tukunya tana duba gindinta. Sai wata, wadda ta zo Riyad ba ta iya rubuta sunanta ba Gwaggo ta koya mata, ta matso ta ce, "Allon gareji da kujerun fa? Na kama ɗaki a bayan layinmu, iyayen yaran ma mun riga mun yi magana, za su riƙa ba da ɗan abin wata."

Innata ta miƙe. "Ku ji tsoron Allah! Matar tana zaune da ranta kuke rabon gado?"

Gwaggo ta ɗaga mata hannu. Ta dubi mai maganar ta ce, "Ɗauka. Amma wanda uwarsa ba ta da shi, kada ki kore shi." Matar ta ce haba, ai ba za ta yi haka ba. Kafin wata biyu ta kori rabinsu.

Lokacin ɗanyen dabino ne muka raka ta filin jirgi, zafi kamar zai tsaga kwalta. Akwati biyu ne kayanta. Baba ya yi ta maimaita mata sunan ɗan baffansu da zai tarye ta a Kano, mutumin da ba ta taɓa gani ba. Ta rungume ni ta ce in riƙe karatu, ta juya ta bi layi, ba ta waiwayo ba.

A ƙauye aka tarbe ta da murna, don an ji Hajiya ta dawo daga Saudiyya. Da aka buɗe akwatunan aka ga tufafi ne da littattafan yara, murnar ta ragu. Aka ba ta wani ɗaki a ƙarshen gida. Suka sa mata suna Balarabiya, saboda Hausarta irin ta kakanni ce, gauraye da Larabci. A Riyad ta shafe fiye da rabin rayuwarta ana ce mata baƙuwa, ta je garin ubanta nan ma baƙuwa. Ta gwada tara yaran gidan a ƙofar ɗakinta, suka zo kwana kaɗan don alewa, suna dariyar yadda take furta kalmomi, suka watse. In mun kira ta ba ta kawo ƙara. Sai ta ba mu labarin damina, wai ba ta taɓa sanin ruwa zai iya kwana ya wuni yana zuba ba, kuma kwaɗi na hana ta sakewa. Daga bakin wata jikar gidan muka ji sauran.

Damuna kaɗan ta gani. Kiran ƙarshe da muka yi muryarta ta yi ƙasa sosai. Ta tambayi kowa da kowa, har da matar da ta ɗauki allo. Na kasa daurewa na ce, "Gwaggo, har ita kike tambaya?" Ta ce, "Ni na yafe wa kowa, 'yar nan. Ba zan je gaban Allah da kayan wani a kaina ba."

Yau ina aiki a wurin karɓar marasa lafiya a wani asibiti a Ulaya. Jirgin metro nake hawa, in ratsa ta saman unguwannin da dā fili ne. Rauda ta cika gari, kowane layi da tasa, masu bangon gilashi da kyamara a kowace kusurwa. Mata na tuƙa mota, suna shugabantar ma'aikatu, kuma ina murna da hakan har zuciyata. Wani lokaci wata babbar likita ko shugabar wani wuri takan tsaya a gabana, mai furfura a goshi, in ƙiyasta shekarunta in ce a raina, wataƙila wannan ma a ajin Gwaggo ta fara. Ba na tambaya. A talabijin akan yi shiri kan matan farko da suka buɗe wa 'yan'uwansu hanya. Na daina kallo.

A nan aka haife ni, a nan na haifi 'ya'yana, kuma kowace shekara sai mun jira a sabunta mana izinin zama. Yarana Larabci ne a bakinsu, in na yi musu Hausa su amsa da Larabci. Shi ya sa na kafa doka a gidana cewa a kan tabarmar cin abinci ba a magana sai da Hausa. Suna gunaguni, suna ganin takura ce irin ta iyaye. Ban gaya musu dalili ba tukuna. So nake in tasu ranar ta zo, su sauka a can Nijeriya da bakin da ba za a yi wa dariya ba.

Gwaggo ta yafe, na kuma yarda da gaske take. Ni ina ta roƙon Allah ya ba ni irin zuciyarta. Har yau bai ba ni ba.